Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantun Gombe: Mu Daina Hukunta Yara Da Tsintar Shara

Zuwa ga shugabannin makarantun firamare da na Islamiyya, da kwamitocin iyaye da malamai na garin Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ɗalibanku. Ni malamar firamare ce a nan cikin gari, na haura shekara 20 ina riƙe da alli, kuma uwa ce da 'ya'yanta suka bi ta hannun wasunku. Da yawa a cikinku iyayena ne a wannan aiki, wasu yayyena, wasu kuma benci ɗaya muka zauna a kwalejin horon malamai. Saboda haka ku karɓi abin da zan faɗa a matsayin maganar 'yar gida. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wata safiyar Litinin a zangon karatun da ya wuce, ni ce mai tsaron ƙofa. Aka kaɗa ƙararrawa, aka tura ƙyaure, waɗanda suka makara suka yi layi a gindin darbejiya. Na yi abin da na tarar ana yi, abin da aka yi mini ina yarinya: na ce kowa ya tsinto leda 30 kafin ya ga ƙofar aji. Monita na biye da su da tsumagiya. A cikinsu akwai wani ɗan aji huɗu, ƙafafunsa fururu da ƙura, na kuma san abin da ya makarar da shi, ɗiban ruwa ne. Yana tsintar ledar da yatsa biyu, kansa a sunkuye, 'yan ajinsu na leƙowa ta taga suna yi masa dariya. Da aka fita tara sai ga shi ya sayi fiya wata, ya fasa da haƙori, ya zuƙe, ya matse ledar ya sake ta ƙasa, alhali tsakaninsa da kwalin da muke zuba shara bai fi taku uku ba. Na kira shi na ce, "Kai, zo ka ɗauke." Ya dube ni, babu alamar rashin kunya a fuskarsa sai mamaki na gaske, ya ce, "Malama, ai na gama nawa tun da safe. Yanzu ban yi laifi ba."

Maganar nan ta kwana a raina, ta kuma tashi da ni. Yaron bai yi ƙarya ba. Darasin da muka koya masa ne ya maimaita, ya kuma haddace shi fiye da duk abin da na taɓa rubuta masa a allo. A wurinsa durƙusawa a ɗauki shara aikin mai laifi ne. Wanda ya zo da wuri, wanda malamai ke so, wanda ya ci jarrabawa, ba ya taɓa shara, sai dai ya tsaya ya kalli masu taɓawa. Muna shiga aji mu ce a rubuta "tsabta tana da muhimmanci", yaro ya rubuta ya ci maki, amma a filin makaranta kullum safiya muna nuna masa cewa tsintsiya da tsumagiya tare suke tafiya. In ya girma ya sayi mota, ya sauke gilashi a kan titin Bauchi ya wurgo robar lemo, kada mu ce ba mu san inda ya samo halin ba.

Akwai kuma darasi na biyu da muke bayarwa ba tare da mun buɗe baki ba. A yawancin makarantunmu, in an raba aikin safe, 'yan mata ake miƙa wa tsintsiya, maza su tafi ƙwallo ko a ce su ɗauko benci. A gida ma haka ne: namiji ya ci rake ya bar tuƙa a tsakar gida, ƙanwarsa ce za ta share. Sai yaro ya tashi da sanin cewa duk abin da ya yar akwai wata mace a bayansa da za ta duƙa. Ku dubi masu sharar titunanmu da sassafe, ku ga su wane ne mafi yawa, ku kuma ga yadda masu wucewa ke yar da abu a daidai inda aka gama sharewa ko a jikinsu.

Ku kuma, iyaye 'yan uwana na kwamiti, darasi na uku namu ne, a gidajenmu ake bayar da shi. Kowa a garin nan ya san abin da ke faruwa in hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, ruwa ya kece. Sai ka ji murya daga cikin gidaje: "Kai, maza ɗauki bokitin nan ka juye a kwata kafin ruwa ya ɗauke!" Yara su fito a guje, wannan da bokiti, wancan da tsohon buhu, a juye toka da leda da kunzugun jarirai da ragowar tuwo a bakin lambatu, ruwa ya kwashe, a koma gida ana murna an huta. Yaron da aka aika ya fahimci cewa shara in ta bar ƙofar gidansu ta ƙare. Ba wanda ya taɓa kama hannunsa ya bi da shi bayan ruwan don ya ga inda ta tsaya.

Tana kuwa tsayawa. Gombe a kwari take, ƙasarta yashi ce mai saurin zaizayewa, ruwan sama kuma daga tudun yamma yake gangarowa ya ratsa tsakiyar gari ya yi gabas. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 gidaje suke ƙaruwa, kwanon rufi da siminti da kwalta suka rufe filayen da a da suke shanye ruwa, don haka ruwan da ke bin magudanai yau ya fi na zamanin iyayenmu yawa. In ya iso kwalbati ya tarar leda da robobi sun toshe bakinta, ba komawa yake yi ba. Gefe yake ci, ya zaftare ƙasa, ya faɗaɗa kwari, ko ya haura ya shiga ɗakunan waɗanda ke gangare. Manyanmu ba su manta ambaliyar watan Agusta na 2004 ba, da rayuka da gidajen da ta tafi da su. An kashe kuɗi masu yawa tun daga lokacin wajen gina manyan magudanai da ɗaure bakin kwaruruka, amma magudanar da aka gina da miliyoyi bokitin shara ne ke kashe ta, bokiti bayan bokiti, a hannun yaran da mu muka aike su. Bayan ruwa ya janye kuma sai kwatar ta kwanta, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, ƙazanta ta tsiyaya cikin rijiyoyi marasa murfi. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, maƙwabciyarmu Bauchi kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Duk malamin da ya taɓa kiran suna a aji aka ce masa wane yana kwance da amai da gudawa ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

Bari in ba ku abin da na gani a tsakar gidana. Shekarun baya na yi kiwon wani rago don layya. Tun yana ƙarami nake ba shi dusa da harawa da ƙaiƙayi, da rana kuma yakan fita ya yi kiwo a bayan layi kamar sauran dabbobin unguwa. Wata biyu kafin Sallah sai ya fara ramewa. Yana ɗan taɓa abinci ya bari, gashinsa ya tashi, ƙashin bayansa ya fito, amma cikinsa a kumbure, in ka danna ka ji tauri. Muka ba shi maganin tsutsa, muka ba shi kanwa, babu sauyi. Ranar da ya kasa tashi muka kira mahauci don kada ya mutu mushe. Da ya farka tumbin, sai ya sa hannu ya jawo wani dunƙule baƙi mai wari, ya dire shi a kan faifai. Leda ce zalla, baƙar leda da ta fiya wata da guntun igiyar buhu, sun nannaɗe juna sun cure har wuƙa ba ta ratsa su da sauƙi. Mahaucin ko mamaki bai yi ba, ya ce kusan kullum sai ya ci karo da irinsa a mayanka. Dabba tana bin ƙanshin gishiri da mai da ke jikin ledar ta haɗiye, tumbinta ba ya iya narkar da ita, sai ta taru ta cinye wurin abinci, dabbar ta mutu da yunwa cikinta a cike. 'Yata ƙarama tana tsaye a wurin. Ta nuna wata leda mai launi da ta leƙo daga cikin dunƙulen ta ce, "Umma, irin ta biskit ɗina ce." Tun daga ranar ban ƙara ganin ta yar da leda a ƙasa ba, kuma ban yi mata wa'azi ko na kalma ɗaya ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu ba mutanen almubazzaranci ba ne tun asali. Wannan abu da ake ta taro a kansa a manyan otal-otal, wato sake sarrafa abin da aka gama amfani da shi, kakanninmu sun riga kowa. Tsohuwar taya takan koma takalmi, tubun cikinta ya koma guga ko majanyin ɗaure kaya a keke. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal ko ma'aunin gishiri ko mazubin alala. Tsumma ya zama gammo, buhu ya zama shimfiɗa, kwalba ta zama gidan man ja. Yara da kansu suke ƙera mota da kara da langa-langa. Jujin unguwa kuwa dukiya ne: da bazara manoma kan zo da jakuna ko amalanke su kwashe shi zuwa gona, domin toka ce da kashin awaki da ɓawon abinci, takin da babu kamarsa. Har gobe maƙeranmu na narkar da gwangwanin lemo da tsoffin kayan alminiyom su zuba tukunya da ludayi, kuma ko a manyan masana'antun duniya narkar da tsohon alminiyom ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 100 na wutar da ake ƙonawa wajen haɗa sabo. Abin da ya sauya shi ne kayan da ke hannunmu. A da in ka sayi goro a ganye yake, tsire a takarda, fura a ƙwarya, ruwa a randa da moɗa. Ka yar da ganye, akuya ta cinye ko ƙasa ta cinye. Sai leda ta shigo, ruwan leda ya bazu daga shekarun 1990, hannunmu bai sauya ba, yana yarwa kamar yadda ya saba yar da ganye. Ita kuwa leda ba ta ruɓewa a tsawon ran mutum, sai dai rana ta farfasa ta ta zama ɓurɓushi a cikin ƙasa. Ku tambayi manoman da ke sayen takin juji yanzu, za su gaya muku yadda garma ke tono leda a kowace kunya.

Ku ɗan yi lissafin nan tare da ni. A ce makaranta tana da ɗalibai 1,000, kowa ya sha fiya wata ɗaya tak a rana. Leda 5,000 ke nan a mako, in zango ya yi mako 13 ta kama 65,000, ban da ledar awara da ta zoɓo da ta ƙanƙara da ta alawa. Makaranta ɗaya ke nan, a zango ɗaya. Me muke yi da ita? A yawancin wurare tarawa ake yi a bayan aji a cinna mata wuta, hayaƙin ya shiga ta taga yara na zaune, masu asma su yi ta tari. Hayaƙin roba guba ne, yana ɗauke da sinadaran da ke cutar da huhu, wasunsu kuma an tabbatar suna jawo ciwon daji. Haka nan uwar da ke hura icce da leda a madafa, ita da jaririn da ke bayanta suke fara shaƙa.

To ga roƙona, ranku ya daɗe, kuma farkonsa ba ya buƙatar ko kwabo. A cire tsintar shara da shara daga cikin hukunce-hukuncen makaranta, a cire gaba ɗaya. Wanda ya makara a nemo masa wani horon, ko ma dai a fara tambayarsa abin da ya makarar da shi. A mayar da tsabtar makaranta aikin kowa, na minti 10 ko 15 a kullum, a lokaci ɗaya sananne, mace da namiji, ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida, mai ƙoƙari da wanda ke baya. Malamin aji ya riƙe tasa tsintsiyar. Hedimasta ma ya fito, ko da sau ɗaya a mako ne, ya duƙa ya ɗauki leda yara na kallo. Na san wani zai ce girma ya faɗi. Ni ban ga girman da ke faɗuwa don an duƙa an gyara wurin da ake neman ilimi ba. A Japan, ƙasar da ke ƙera motocin da muke hawa, ɗalibai ne ke share azuzuwansu da barandunsu kusan kullum tare da malamansu, kuma cikin tsarin karatu ake lissafa shi. A Ruwanda Asabar ɗin ƙarshen kowane wata jama'a ke fitowa aikin gayya, har da manyan ƙasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da yaro ya ga shugaban makarantarsa ya yi da hannunsa, shi zai ɗauka abin yi ne.

Daga nan sai a ba yaro wurin zubawa, domin zalunci ne ka ce kada ya yar a ƙasa alhali babu ko kwali a filin. Ba sai an jira kwangilar kwandunan shara ba. Tsohon durom da aka raba biyu, ko buhunan da aka rataye a jikin bishiya, sun isa. A yi su kashi uku: ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na robobi da gwangwani, ɗaya na leda. Amma a nan ne mafi yawan irin wannan yunƙuri ke mutuwa, don haka ku saurare ni da kyau. In yara suka wahala suka rarraba, sannan da yamma suka ga mai gadi ya haɗe duka ya cinna wuta, an gama, ba za su ƙara yarda ba, kuma gaskiyarsu ce. Kowane kashi sai an san inda za shi tun kafin a ajiye buhun farko.

Mai ruɓewa a makaranta zai tsaya. A haƙa rami a wani lungu, a riƙa zuba busasshen ganye da ɓawon mangwaro da na gyaɗa da tuƙar rake, a bi da toka da ɗan kashin dabbobi, a yayyafa ruwa, a juya shi duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi, warinsa ya koma na ƙasar damina. Da shi za a ciyar da itatuwan makaranta. Tun 2019 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green, amma kowa ya san dasa itace ba shi ne wuya ba, rainonsa ne. A ba kowane aji itatuwansa, su kewaye su da ƙaya saboda awaki, su ba su ruwan wankin hannu da takin da suka haɗa da kansu. Darasin kimiyya ne sukutum a gindin bishiya.

Robobi da gwangwani kuwa kuɗi ne, akwai masu sayensu a kan sikeli a garin nan, suna tarawa su niƙa ko su ɗaure su tura masana'antun Kano da Legas, inda suke komawa buta da bokiti da zare. Ledar fiya wata ma in an tara ta a bushe, ba a haɗa ta da ƙazanta ba, tana da masu narkar da ita, wasu har bulon shimfiɗa tsakar gida suke yi da ita in sun gauraya da yashi. Kwamiti ya nemo mai saye amintacce, ya riƙa zuwa makaranta a ƙarshen wata, a auna a gaban yara, su rubuta kilo da hannunsu, su yi lissafin kuɗin da kansu. A rubuta a allo abin da aka samu da abin da aka saya da shi, ko alli ne, ko sabulu, ko ƙwallo. Kada kwabo ya shiga aljihun da ba a gani. Kuɗin ba yawa za su yi ba, kada a yaudari kowa. Amfaninsu shi ne yaro ya gani da idonsa cewa abin da yake takawa yana da daraja. Abin da ya rage wanda ba ya sayuwa ba ya kuma ruɓewa, shugabannin makarantun unguwa ɗaya su haɗa kai su rubuta wa hukumar tsabtace muhalli ta jiha, GOSEPA, su nemi a tsayar musu da wuri da ranar kwashewa. Takardar makarantu goma ta fi ta makaranta ɗaya nauyi.

A nan akwai iyakar da nake so a ja ta da jan alli. Sharar cikin makaranta nake magana a kai, wadda yaran suka samar da kansu. Kada wani shugaba ya ji ana samun kuɗi ya ce kowane yaro ya zo da robobi 20 daga gida, domin ƙarshenta a juji za ka tsince su suna tono da hannu. A juji akwai fasasshiyar kwalba, akwai allurar da aka yi wa mara lafiya, akwai tsohon batir. Batirin mota da wasu na sola cike suke da dalma, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take ci, ɓarnarta ba ta gyaruwa. Mun ji abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. A koya wa yara su san abin da ba a taɓawa. A kuma koya musu kada su raina 'yan bola-jari da ke wucewa da buhu a kafaɗa. Da yawansu sa'o'in ɗalibanmu ne da ya kamata a ce suna aji. Akwai ɓata-gari a cikinsu kamar kowace sana'a, amma ba don su ba da robobin garin nan sun binne mu. Yaron da ya saba tsokanar mai ɗaukar shara ba zai taɓa ɗaukar shara da kansa ba.

Malamaina na Islamiyya, Allah ya ƙara muku lafiya, ku kun fi mu abin faɗa. Yaranmu sun haddace hadisin da ke cewa imani rassa saba'in ne da 'yan kai, mafi ɗaukakarsu kalmar shahada, mafi ƙanƙantarsu kawar da abin cutarwa daga hanya. Suna rera shi da murya mai daɗi a ranar saukar karatu. Amma ku leƙa ƙofar Islamiyya bayan an tashi da yamma, ko harabar masallaci bayan Juma'a, ku ga ledojin ruwan da aka yi alwala da su. In malam ya karantar da hadisin nan, ya rufe littafi ya fita da ɗalibai ƙofar makaranta su aikata shi a take, minti biyar kawai, ya gaya musu sadaka suka yi. Yaron da ya ji daga bakin malaminsa cewa duƙawar nan lada ce, ba zai yarda wani ya ce masa horo ce ba. Abokan aikinmu na makarantun coci su ma suna da nasu koyarwar a kan amanar abin da Allah ya halitta, kuma kwata ɗaya ce ke bi ta ƙofar gidajenmu duka.

Na san uzurorin, domin a cikinsu nake rayuwa. Aji mai yara 100 da malami ɗaya. Makarantar da ba ta da katanga, maƙwabta sun mayar da bayan azuzuwa juji da makewayi, ka share yau gobe ka tarar da sabo. Makarantar da babu ruwan wanke hannu. Duk gaskiya ne. Amma maganar maƙwabta ita ce ma dalilin da ya sa na haɗa da kwamitin iyaye a wasiƙar nan, domin masu zubawar mu ne, 'ya'yanmu kuma muke aikowa da bokitin. Mai unguwa da limamin unguwa in suka zauna da kwamiti sau ɗaya suka yi magana da murya ɗaya, ya fi allon "an hana zuba shara a nan" guda goma. Ruwan wanke hannu kuwa, buta biyu da sabulu ko toka a bakin kowane aji sun fi babu, kuma tilas ne duk yaron da ya taɓa shara ya wanke hannu kafin ya taɓa abinci.

Wasu za su ce a bar wa gwamnati ta kafa doka. Doka tana da amfani. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan an gano ita ke toshe magudanai lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017, Legas ma ta hana farar robar zuba abinci mai kama da soso a farkon 2024. Ina fatan ranar da za a kai nan. Sai dai mu da muka ji labarin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 daga bakin iyayenmu, lokacin da tsabtar ƙarshen wata ta kafu da bulalar soja, mun san yadda ta kaya: da bulala ta tafi, sai da yawa suka mayar da safiyar Asabar ɗin lokacin ramuwar barci. Abin da aka yi don tsoro, ranar da tsoron ya kau yake tsayawa. Irin wannan kuskuren ne muke maimaitawa a ƙofar makaranta kowace safiya, da 'yar tsumagiyar monita.

Iyaye mata kuma, abu ɗaya da ke hannunmu tun gobe: gorar ruwa. Roba ɗaya mai murfi, a wanke ta da sabulu kullum, a cika ta da ruwa mai tsabta daga gida, ta maye gurbin leda biyar a mako, kuɗin tara kuma ya yi saura. Masu sayar da abinci a bakin makaranta a zauna da su cikin mutunci, domin su ma neman halali suke, a roƙi kowace ta ajiye buhu kusa da tirenta, wadda ke zuba zoɓo ko kunun aya a tsohuwar roba kuma ta tabbatar ta san inda robar ta fito, ta wanke ta sosai. In hadari ya haɗo, a bar bokitin shara a inda yake.

A ajina na fara tun tsakiyar zangon da ya wuce, da izinin hedimastanmu. Buhu uku muka rataye a jikin taga. Makon farko sai da na yi ta zazzage su ina sake rarrabawa a gaban yaran, wasu mazan kuma suka ƙi taɓa tsintsiya har sai da suka ga malamin lissafi ya karɓa ya share gaban allo. Ramin takinmu na farko ya bushe don mun manta ba shi ruwa lokacin hutun tsakiyar zango, mun sake wani. Yaron nan da na ba ku labarinsa shi na damƙa wa littafin rubuta kilo, saboda hannunsa na da kyau a lissafi. Har yanzu yakan makara, domin har yanzu shi ke ɗiban ruwa a gidansu.

Ina roƙon kowane kwamiti ya sa maganar nan a gaba a zamansa na farko, a yanke shawara a kan hukuncin tsintar shara a rubuce, a karanta wa ɗalibai a taron safe, a kuma rataye buhunan kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalamu alaikum.

Taku a kullum,
Wata malamar firamare,
Gombe.